Hutun Oktoba a Ingila: kulob na yini, darasin iyo, madarasa ko bikin Halowin?

Makarantun gwamnati a Ingila suna ba da hutun mako guda a tsakiyar zangon farko, kuma a yawancin garuruwa makon ƙarshe na Oktoba ne. A Sikotilan hutun kan zo da wuri, wajen tsakiyar wata, wasu yankunan ma mako biyu suke yi, gadon zamanin da ake sallamar 'yan makaranta su je gona tonon dankali. Tun da sauran mako biyu ko uku takardun talla ke fara shigowa gida a jakar yara, wasu kuma ta imel ɗin makaranta. Cibiyar unguwa ta shirya sassaƙa kabewa, wurin iyo na ƙaramar hukuma ya buɗe rajista, laburare na da zaman zane, masallaci ya sa ƙarin karatu, coci na da walima. Iyayen da ba su daɗe da zuwa daga Kano ko Damagaram ko Kumasi ba sukan dubi tarin takardun nan su ɗauka duk jirgi ɗaya ya kwaso su, wato abin rage wa yara zaman gida. Daga nan kuskuren yake farawa.

Shirye-shiryen nan iri biyu ne. Akwai wanda za ka ajiye yaro da safe ka tafi aiki, ka dawo da yamma ka ɗauke shi, wannan reno ne. Akwai kuma na awa ɗaya ko biyu, wanda a ƙasan takardarsa, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa sai babba ya zauna tare da yaron. Uwar da ke aikin kula da tsofaffi daga bakwai na safe zuwa bakwai na yamma, zaman sassaƙa kabewa na ƙarfe goma zuwa sha ɗaya da rabi bai raba ta da matsalarta ba, ko da kyauta ne. Gidan da akwai wanda zai zauna da yara kuwa, biyan kuɗin kulob na yini biyar asara ce. Saboda haka kafin ku duba abin da ya fi daɗi ko ya fi arha, ku fara duba jadawalin aikinku na makon.

A nan ne wasu za su ce, "Ai yayarsu na nan, za ta kula da su." A gida yarinya 'yar shekara goma tana goyo, tana dama koko, babu mai ɗaga ido, domin ga kaka a ɗaki, ga maƙwabta a zaure. A Ingila doka ba ta yanke shekarun da za a iya barin yaro shi kaɗai ba, amma laifi ne a bar shi a halin da zai iya cutuwa, kuma hukuma ce za ta auna hakan bayan abin ya faru. Ƙungiyar kare yara ta NSPCC tana ba da shawarar kada a bar ɗan ƙasa da shekara 12 shi kaɗai na dogon lokaci, kada kuma ɗan ƙasa da 16 ya kwana shi kaɗai. Maƙwabciya ɗaya ce za ta ji kuka ta bango ta buga waya, sai ka tsinci kanka kana amsa tambayoyin ma'aikatan jin daɗin jama'a. Wannan hanyar ba ta cikin zaɓin da zan kwatanta.

Kulob na yini

Shi ne kaɗai ke maye gurbin makaranta. Galibi yana buɗewa wajen takwas ko tara na safe, ya tashi uku da rabi, wasu su kai shida idan an ƙara kuɗi. Ana yin sa a zauren cibiyar unguwa, ko a makarantar firamare, ko a cibiyar wasanni. Abin da yara ke yi a ciki bai wuce ƙwallo, zane, yanke-yanken takarda da kallon fim idan ruwa ya tsuge ba. Kada ku sa ran yaro zai dawo da sabon ilimi. Amfaninsa shi ne kana wurin aiki hankalinka kwance.

Tsadarsa ce matsalar. Binciken da ƙungiyar Coram ta yi a 2024 ya nuna matsakaicin kuɗin kulob na hutu a Birtaniya ya kai kusan fam 175 a mako ga yaro ɗaya. Mai yara uku sai ya yi lissafi da kansa. Akwai hanyar rage nauyin, wato asusun Tax-Free Childcare, inda duk fam 8 da ka zuba gwamnati ke ƙara 2, har zuwa fam 2,000 a shekara ga kowane yaro ɗan shekara 11 zuwa ƙasa. Sharaɗinsa, iyaye su kasance suna aiki, kulob ɗin kuma ya kasance mai rajista da Ofsted, hukumar da ke duba makarantu da wuraren reno. Sai dai da yawa daga cikin mutanenmu da suka zo da bizar aiki ko ta karatu, an rubuta a takardar zamansu cewa ba su da damar cin tallafin gwamnati, kuma wannan asusun yana cikin abin da sharaɗin ya rufe musu.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne shirin HAF, wanda ke ba yaran da ke cin abincin makaranta kyauta wasanni da abincin rana a lokacin hutu. An fara gwada shi a 2018, aka faɗaɗa shi zuwa duk Ingila a 2021 bayan matsin lambar da ɗan ƙwallo Marcus Rashford ya jagoranta. Uwar da ta ci gajiyarsa a watan Agusta sai ta ɗauka zai dawo a Oktoba. Asalin shirin an gina shi ne a kan hutu uku, na Ista, na bazara da na Kirsimeti. Wasu ƙananan hukumomi kan yi wani abu a Oktoba daga aljihunsu, wasu ba sa yi, don haka sai an duba shafin ƙaramar hukumar da mutum yake. Ƙarin bayani ga masu waccan bizar: tun 2022 an buɗe wa 'ya'yansu ƙofar abincin makaranta kyauta idan kuɗin shigar gidan bai wuce wani ƙayyadadden adadi ba. Ofishin makaranta ne ke da fom ɗin, kuma mutane da yawa ba su taɓa tambaya ba.

Idan kun yanke shawarar kulob, tambayoyi uku sun isa. Yana da rajistar Ofsted? Wurin da ke riƙe 'yan ƙasa da shekara 8 fiye da awa 2 a rana galibi dole ne ya yi, ko da yake akwai waɗanda doka ta ɗauke wa, kamar masu koyar da wasa ɗaya tak. An yi wa ma'aikatansa binciken DBS, wanda ke tona ko mutum na da tarihin laifi? Sannan abinci, su ke bayarwa ko da kwanonsa yaro zai zo? Ni na fi son kwanon gida, ya raba ka da zancen naman alade da na halal gaba ɗaya, amma ku tuna kusan duk wuraren nan sun hana shigo da gyaɗa da danginta saboda yaran da jikinsu ba ya ɗauka. Ƙuli-ƙuli da yajin tsire su zauna a gida.

Sai maganar lokaci. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga ranar kuma rana na faɗuwa tun biyar saura. Wanda ya biya har ƙarfe shida a duhu zai ɗauko ɗansa, azahar da la'asar da magariba duk sun wuce a can. Yaron da ya fara salla, ku gaya wa shugabar wurin tun ranar farko. Yawancinsu ba sa musu, kusurwa ce kawai za su nuna masa, amma ba za su tuna masa ba.

Darasin iyo

Idan akwai mai kai yaro ya dawo da shi, ban ga abin da ya kama ƙafar wannan ba a cikin duk takardun. Wuraren iyo na ƙananan hukumomi kan shirya darasi na jere a makon hutu, rabin awa kullum daga Litinin zuwa Juma'a. Rabin awa kamar wasa ne, amma bambancinsa da darasin mako-mako shi ne yaro ba ya samun kwana shida na mantuwa tsakanin darasi da darasi. Wanda ranar Litinin ya ƙanƙame bakin kwamin yana kuka, sau da yawa ranar Juma'a za ka gan shi ya cusa fuska a ruwa yana dariya. Kuɗinsa bai kai ko kusa da na kulob ba.

Na san abin da ake cewa: "Mu ba kifaye ba ne," ko "Ai makaranta na koya musu." Gaskiya ne manhajar firamare a Ingila ta ce kowane yaro ya iya iyo na mita 25 kafin ya gama aji shida. Amma makarantu da yawa zango ɗaya ko biyu suke kai yara, aji guda cur a ruwa lokaci ɗaya, kuma yaron da ya shigo ƙasar bayan ajinsa sun gama nasu shi ke nan ya rasa. Alƙaluman hukumar Sport England da aka yi ta ambata sun nuna kashi 95 cikin 100 na manyan baƙaƙen fata a Ingila da kashi 80 na yaransu ba sa iyo. Wannan ne ya sa aka kafa ƙungiyar Black Swimming Association a 2020, cikin waɗanda suka kafa ta har da Alice Dearing, wadda mahaifiyarta 'yar Ghana ce, kuma ita ce baƙar mace ta farko da ta yi wa Birtaniya iyo a gasar Olamfik, a Tokyo.

Ƙasar nan kuma ruwa ne ta ko'ina. Birmingham da Manchesta cike suke da tsofaffin hanyoyin ruwa na zamanin masana'antu, suna ratsa bayan gidaje, yawancinsu ba shinge, yara na bin gefensu zuwa makaranta. Ruwan da sanyinsa ya yi ƙasa da digiri 15 yana ɗauke numfashin mutum da zarar ya faɗa, ko da gwani ne. Abin da RNLI, ƙungiyar masu ceto a ruwa, ke koyarwa shi ne mutum ya kwanta rigingine ya saki jiki har numfashi ya daidaita, kuma wannan na cikin abubuwan farko da malamin iyo ke nuna wa yaro.

Uzurin sutura ma ya ragu. Tun 2017 hukumar Swim England ta halatta kayan iyo masu rufe jiki duka har a gasa, ballantana a darasi. A unguwannin da Musulmi ke da yawa akwai lokutan mata zalla, sai dai ku tambaya ko mai tsaron ruwan ma mace ce, domin ba kullum ba ne. Yarinya mai kitso ko mai yawan gashi, ƙaramar hular roba ta kanti ba za ta shige ta ba, akwai manya irin na Soul Cap da aka yi don haka. Bayan fitowa a wanke kai da jiki da ruwan daɗi a shafa mai sosai, domin sinadarin da ake zubawa a ruwan yana busar da fata, ga kuma sanyi ya shigo.

Aibinsa biyu. Gurbi na ƙarewa da wuri, wani lokacin cikin kwana ɗaya da buɗe rajista. Kuma rabin awa ce kawai, sauran yinin na wuyanka.

Ƙarin karatu a masallaci ko coci

Wannan shi ne zaɓin da zuciyar yawancin iyaye ke fara karkata gare shi, kuma da dalili. Yaron da duk zango awa ɗaya ko biyu yake samu da yamma, a gajiye, bayan makarantar boko, safiya biyar a jere na iya tura haddarsa gaba ƙwarai. Arha ne, wani wurin sadaka kawai ake bayarwa. Yana haɗuwa da yara masu salla irinsa, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga wanda shi kaɗai ne Musulmi a ajinsu.

Amma a shiga da ido buɗe. Madarasun yamma da na hutu ba makarantu ba ne a idon doka, Ofsted ba ta zagaya su yadda take zagaya firamare. Ma'aikatar ilimi ta fitar da jagorar kiyaye yara a irin waɗannan wurare a 2020, amma bin ta ganin dama ne. Ke nan tambayar DBS ta fi zama dole a nan fiye da kulob, kuma jin nauyin malam bai kamata ya hana yin ta ba. Masallacin da ke da tsari ba zai ji haushi ba, zai ma nuna maka takardun. Zancen bulala kuma a rufe shi, an hana duka a makarantun gwamnati tun 1987, kuma yaron da ya koma aji da shaida a hannu, malamarsa wajibi ne ta kai rahoto.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Yawancin masallatan Ingila 'yan asalin Pakistan, Indiya da Bangaladash ne suka gina su, mazhabar Hanafiyya suke bi, ruwayar Hafsu suke karantawa. Yaron da ya fara da allo a gida a kan ruwayar Warshu zai ji ana gyara masa abin da ba kuskure ba ne. Zai ga ana jinkirta la'asar fiye da yadda babansa ke yi, wani yaro ma ya ce masa sallarsa ba ta yi ba don ya saki hannu. Ba abin faɗa ba ne, amma ku riga su yi masa bayani a gida, ku kuma gaya wa malamin da wace ruwaya ya fara. Wanda ya yi Islamiyya a gida da Hafsu ba shi da wannan damuwar.

Iyalai Kirista na da kwatankwacin wannan a coci, kulob na safiya da labaran Littafi Mai Tsarki da waƙoƙi da wasanni, yawanci kyauta ko da ɗan abin da ba a rasa ba. Tambayoyin ɗaya ne.

Ra'ayina, kada karatun ya cinye makon duka. Zangon farko shi ne mafi tsawo a shekarar karatu, yara sun yi mako bakwai ko takwas suna tashi da duku-duku. Safiya a madarasa, yamma a wurin iyo ko fili, wannan haɗin ya fi a ce daga tara zuwa huɗu yaro na zaune a kan kafet.

Halowin

A kan wannan ake fi yin gardama a zaurukan WhatsApp na iyaye, alhali a cikin makon duka yini ɗaya ne, 31 ga Oktoba. Asalinsa bikin ƙarshen kaka ne na mutanen Ailan da Sikotilan kafin zuwan Kiristanci, lokacin da suka yi imani matattu na kusantar rayayyu. Daga baya ya haɗu da jajiberin ranar tunawa da waliyyai ta coci, 1 ga Nuwamba. 'Yan Ailan da suka yi ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 19 suka tafi da shi, can ya zama harkar kabewa da alewa da kasuwanci, sannan ya dawo Ingila da sabuwar riga.

Wanda ya tashi a Kano ko Zariya, in ya ga yara sun yi shiga suna bin gida-gida ana ba su abu, tashe zai fara tunawa. Kamar ta tsaya a nan. Tashe wasan kwaikwayo ne da waƙa da zambo a kan halayen mutane, cikin dararen azumi, shi kuwa wannan kayan adonsa ƙwarangwal ne da mayu da fatalwa da jinin ƙarya. Shi ya sa malamai da yawa ke hana shi, fastoci da yawa ma haka, har coci-coci kan shirya walimar haske a daren don yaransu su sami wurin zuwa. Ba fatawa na zo bayarwa ba, kowane gida ya san malaminsa.

Abin da zan ce shi ne a rarrabe abin da ke cikin takardar cibiyar, domin abu uku ne ake haɗawa da suna ɗaya. Na farko zaman sana'ar hannu da rana, a fafe kabewa, a yi fitila da kwalba, a manna busassun ganye a takarda. Iyaye da yawa da ba sa son bikin suna kai yara wannan, su ce a sassaƙa tauraro ko fure maimakon fuskar dodo, ba wanda zai ce don me. Na biyu rawar yara ta yamma da shigar dodanni, kiɗa da ƙarfi, fitilu a kashe. Ko an ajiye addini gefe, 'yan ƙasa da shekara biyar da yawa da kuka suke fitowa. Na uku yawon ƙwanƙwasa ƙofofi da dare, wanda ba cibiyar ke shirya shi ba. Al'adar ita ce gidan da ya ajiye kabewa mai fitila a ƙofa shi ake bugawa, don haka wanda ba ya so a dame shi, kada ya ajiye komai, ya kashe fitilar waje.

Duk wanda kuka zaɓa, alewar za ta shigo gida, ko daga makaranta ko daga maƙwabta. Yawancin alewa mai danƙo, har da Haribo da ake sayarwa a manyan kantuna, da jelatin na alade ake yin ta, mashmalo ma haka. Akwai Haribo na halal da ake yi a Turkiyya, shagunan Musulmi na kawo shi. Hanya mafi sauƙi ita ce a koya wa yaro neman alamar da ke nuna masu ƙin nama za su iya ci, a kuma tanadi ta musanya a gida, ya miƙo waccan a ba shi wannan. Idan kuma kun hana bikin gaba ɗaya, ku shirya wani abu a daren, ko ziyara ko fita cin abinci. Hani ba tare da madadi ba, yaro na leƙe ta taga yana ganin 'yan ajinsu na wucewa, shi ne ke sa abin ya yi masa girma a rai fiye da yadda yake. Manyan kabewar sassaƙa, af, ruwa ne da su ba ɗanɗano, mai son miyar taushe ta sayi ƙananan na ci.

Abubuwan kyauta da ake rainawa

Oktoba a Birtaniya watan tarihin baƙaƙen fata ne, ba Fabrairu ba kamar Amurka. Wani ɗan Ghana, Akyaaba Addai-Sebo, shi ya assasa shi a Landan a 1987. Cibiyoyin unguwa da laburare kan cika makon hutu da shi: kiɗan ganga, ba da labari, tarihin jirgin Windrush da ya kawo 'yan Karebiyan a 1948, da Mary Seacole, 'yar Jamaika da ta yi jinyar sojoji a yaƙin Kirimiya. Yana da kyau yaro ya ji. Amma zai yi wuya ya ji sunan Kano ko Katsina ko Agadas, ba don mugunta ba, don babu wanda ya je ya ce zai faɗa. Masu tafiyar da cibiyoyin nan neman 'yan sa-kai suke ido rufe. Awa ɗaya ta isa uwa ta yi wa yara lalle ta ba su tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ko uba ya rubuta wa kowa sunansa da ajami, ya ba su labarin Nana Asma'u da ta tsara karantar da mata a ƙarni na 19, ko na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ya yi karatun malanta a Landan ɗin nan a 1945 kafin ya zama firaminista. A ganina wannan ne abu na biyu mafi daraja bayan iyo, da sharaɗin ku ne a gaban zauren, ba a kujerar baya ba.

Manyan gidajen tarihi na ƙasa kyauta ne tun 2001, kuma a makon hutu suna da zaman yara, sai dai layi. Bikin zane na Big Draw ma a Oktoba yake, laburare da yawa na shiga. Akwai junior parkrun, gudun kilomita 2 na 'yan shekara 4 zuwa 14, Lahadi da safe a filayen shaƙatawa, rajista sau ɗaya a intanet, ba ko kwabo. Wasu cibiyoyin na da lambu, sukan yi ranar matse tuffa ko yawon daji. Ku sayi takalman roba da rigar ruwa ku bar yara su yi caɓa-caɓa. "Ana sanyi" ba hujja ba ce a Oktoba, domin na gaba ya fi shi. Tun da zancen ya zo, hukumar lafiya ta NHS na ba da shawarar shan bitamin D, maikurogiram 10 a rana, a kaka da hunturu, masu duhun fata kuma duk shekara.

Daren wasan wuta na 5 ga Nuwamba yawanci bayan an koma makaranta yake faɗowa, amma tallarsa na cikin takardun. Tunawa ce da 1605, lokacin da aka kama Guy Fawkes da gangunan albarushi 36 a ƙarƙashin majalisa, da niyyar hallaka Sarki James na ɗaya. Tsakanin zuwa wanda aka shirya a fili da sayen kayan wuta a harba a bayan gida, na fili ya fi ta kowace fuska, ya fi kyau, ya fi aminci, sau da yawa ya fi arha. Ɗan ƙasa da shekara 18 ba a sayar masa da kayan, kuma ƙananan sandunan nan masu tartsatsi ba a ba ɗan ƙasa da shekara biyar. Baƙon da ya zo daga inda ya san ƙarar bindiga, a gaya masa tun da wuri, domin tsakanin bikin Diwali na Indiyawa da wannan daren unguwa ba ta shiru.

Manyan yara lissafinsu daban ne. Ɗan shekara 13 ba zai yarda a kai shi manna ganye ba, kuma yawancin kulob sun tsaya a 11 ko 12. Abin da ya dace da su shi ne sansanin ƙwallo ko dambe na cibiyar matasa, ko aikin sa-kai. Cibiyoyi da yawa na da wurin rabon abinci ga mabuƙata, kuma a wannan lokacin gwangwanayen da makarantu da coci-coci suka tara a bikin girbi na jiran masu jerawa. Wanda ya kai aji tara zai iya sa wannan aikin cikin lambar yabo ta Duke of Edinburgh, wadda ke da amfani a takardar neman kwaleji. 'Yan aji sha ɗaya kuwa jarrabawar gwaji na jiransu kafin Kirsimeti ko jim kaɗan bayanta, makarantu da yawa na buɗe musu ajin bita a makon, wannan ya riga komai.

Masu yaro a aji shida na firamare, ranar 31 ga Oktoba ce ranar ƙarshe ta miƙa fom ɗin neman gurbin sakandare a Ingila. Ta shafin ƙaramar hukuma ake cikawa, ofishin makaranta a rufe yake a makon, ba mai tuna muku, kuma fom ɗin da ya makara sai an gama da na kowa ake duba shi.